Kafin Ƙungiyarku Ta Sayi Mota

'Yan'uwa manoma, kowace shekara idan kaka ta yi, aka gama sussuka, aka ɗinke buhuna, akwai wata magana da ba ta rasa tasowa a taron ƙungiya. Wani zai miƙe ya ce, "Kuɗin da muke ba masu mota ya isa haka nan. Me zai hana mu haɗa hannu mu sayi tamu?" Sai ka ji an amsa masa da murya ɗaya. Akwai dalili kuwa. Mutumin Abare da yake so ya kai gero ko wake Anka, da na Bukkuyum ko Gummi da yake so kayansa su kai Gusau, kowannensu ya san abin da ake karɓa a kan buhu. Ya kuma san yadda akan yi kwana biyu ana jiran mota ba ta zo ba. Ga mace mai naƙuda da tsakar dare, babu abin ɗaukarta sai babur.

Bari in faɗa muku tun da fari, ni mai son mota ne. Tun ina yaro nakan bambanta kukan Fijo da na Datsun ina cikin ɗaki. Har yau idan na ga an buɗe bonet a gareji, da wuya in wuce ban leƙa ba. Saboda haka ba ƙin mota ya sa nake wannan rubutu ba. Abin da ya sa shi ne, na taɓa zama cikin wata ƙungiya da ta sayi a-kori-kura da murna, aka yi ta guɗa ranar da ta iso. Kafin shekara biyu tana bisa duwatsu a bayan majami'a, kaji suna saka ƙwai a wurin zaman direba, waɗansu 'yan ƙungiya kuwa sun daina gaisawa. Ba haɗari ta yi ba. Ba a sace ta ba. Kuɗin sayenta muka tara, ba mu tara na ciyar da ita ba.

Zamanin Fijo

Da yawa daga cikin dattawanmu, idan ana maganar mota, lissafin da yake kansu na zamanin da ne. Ya kamata mu duba abin da ya sa wancan lissafi ya yi daidai a lokacinsa.

A shekarar 1975 kamfanin Peugeot, wanda muke kira Fijo, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna. A wannan shekara ce kuma ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji, aka cika gari da babura da rediyo. Aka buɗe masana'antar Volkswagen a Legas, daga baya ta Steyr a Bauchi, ta Leyland a Ibadan, ta manyan motocin Fiat a Kano, da ta Mercedes a Enugu. A 1975 ɗin nan ne aka soma babban aikin raya noma na Gusau da taimakon Bankin Duniya, tare da na Funtua da na Gombe, malaman gona suka shiga ƙauyuka da motoci. Fijo 404 da 504 suka zama motocin kowa. A-kori-kurarsu ta ɗauki gyaɗa da auduga, ta ɗauki amarya, ta ɗauki gawa. Kayan gyaranta suna nan ko'ina, kowane bakanike ya san cikinta kamar yadda ya san gidansu.

A lokacin, litar fetur kwabo 15 ce da 'yan kai a 1978, ta zama kwabo 20 a 1982. Naira ɗaya ta fi dalar Amurka daraja a 1980. Daga 1986, da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na zamanin Babangida, Naira ta soma faɗuwa, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, balle manomi. Masana'antun nan suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Kaduna ta daure da 504 har zuwa 2006. Kamfanin taya na Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008. Muka koma ga 'yan Kwatano, watau motocin da Turawa suka gama mora aka sauke a tashar jirgin ruwa ta ƙasar Benin ko ta Legas.

Ma'anar wannan a gare ku ita ce, kusan kowane abu da motarku za ta nema, daga taya zuwa filogi, da dala aka sayo shi. A watan Yuni na 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Fetur kuwa Naira 97 ne a 2012, Naira 145 a 2016. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura Naira 1,000 a watan Oktoba na 2024. Wannan farashin gidan mai ne a birni. Ku kun fi ni sanin abin da 'yan bunburutu suke ɗorawa a ƙauye.

Abincin mota

Wanda ya sayi shanun huɗa ya san ba ranar saye ake gama biya ba. Akwai harawa, akwai kowa, akwai dusa da kanwa, akwai allura. Idan ya yi sakaci da rani, damina ta faɗi shanun ba su iya jan garma. Mota haka take, sai dai ita abincinta ba ya fitowa a gona.

Abu na fari shi ne baƙin mai. Aikinsa ya raba ƙarfe da ƙarfe a cikin inji, ya kwashe zafi, ya wanke datti. Tsohon inji yana so a juye masa mai kowane kilomita 5,000 idan kwalta yake bi. A hanyoyinmu na burji da yashi, ni ba na yarda a wuce kilomita 3,000. Ƙaramin injin fetur yakan sha lita 4 zuwa 5, na gas ya fi haka. Duk sa'ad da aka juye mai a sake matatarsa, gama tsohuwar matata takan mayar da datti cikin sabon mai. A nan ne ƙungiyoyi suke fara yin wayon banza. Ma'aji ya ce babu kuɗi wannan wata, a ƙara galan ɗaya a kan tsohon a ci gaba. Ko kuwa a sayi man awo na bakin titi a cikin kwalba, wanda ba wanda ya san asalinsa. Wata uku motar tana tafiya lafiya, kowa ya ce ai ga shi ba abin da ya faru. Ran nan sai inji ya buga a tsakiyar daji. Gyaran injin da ya buga yakan cinye kuɗin sabis na shekaru.

Na biyu, matatar iska. Wannan ita ce aka fi mantawa, ita ce kuma ta fi muhimmanci a ƙasarmu. Inji yana shaƙar iska mai yawan gaske kafin ya ƙona lita ɗaya ta mai. Da hunturu, ko idan kana bin bayan wata mota a hanyar burji, iskar nan cike take da ƙura. Ƙura kuwa yashi ne mai laushi. Idan ta shiga inji sai ta riƙa goge ringi da fistin kamar ana wasa wuƙa a dutse. Daga nan mota ta fara hayaƙi, ta fara shan baƙin mai, ƙarfinta ya ragu. Na sha ganin direba ya cire matatar gaba ɗaya wai don mota ta ƙara gudu, ko ya huda ta da ƙusa. Idan kun ga direbanku ya yi haka, ku karɓi makulli. A kakkaɓe matata kowane mako da rani, a sake ta idan ta toshe ko ta yage.

Na uku, ruwan lagireto. A duba shi kowace safiya kafin a ta da mota, ba bayan ta yi zafi ba, domin murfin lagireto mai zafi ya ƙone fuskar mutane da yawa. Ruwan rijiya mai gishiri ko na kududdufi yana toshe 'yan bututun ciki, ya sa tsatsa. In da hali a yi amfani da ruwan da aka yi dominsa, in babu a tari ruwan sama mai tsabta. Idan allurar zafi ta hau, a tsaya nan take. Kilomita biyu na "bari mu ƙarasa gari" ya isa ya ƙone gasket.

Akwai kuma bel ɗin da yake cikin inji mai daidaita bugunsa, wanda makanikai suke kira taimin bel. Tsohuwar Fijo 404 da 504 masu fetur sarƙa gare su, ba ruwansu da wannan. Amma Golf da tsofaffin Hilux masu gas bel ne, kuma a Hilux ɗin ana sake shi a kilomita 100,000. Ba ya ciwo kafin ya mutu. Ranar da ya tsinke a injin gas, ya tafi da bawul. Duk wanda ya sayi tsohuwar mota mai bel, ya sake shi kafin ya yi lodin farko, kada ya dogara ga abin da agogon mota ya nuna, gama ana juya agogo baya.

Sauran su ne birki, da kuloci, da giris a gaɓoɓi, da sifirin, da shokozoba, da batir wanda zafin ƙasarmu ba ya bari ya daɗe. Da damina, idan mota ta ratsa rafi, a duba man giya da na aksul. In ya koma fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, a juye. In kuwa ruwa ya kai bakin da inji yake shaƙar iska ta mutu a ciki, kada a sake murza makulli. A jawo ta waje tukuna.

Taya

Zan ɗan daɗe a kan taya, domin ita ce take kashe mutane. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a jere cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu da yi. Roba tana tsufa ko ba a mora ta ba. Tayar Kwatano takan zo da zane mai kyau a ido, amma an yi ta domin ƙasar sanyi, ta kuma riga ta kwana biyu. Ka ɗora mata buhu goma sha biyar, ka hau kwalta da azahar a watan Afrilu, ka ba ta wuta. Abin da zai biyo baya kun sha ji.

A-kori-kura irin su Fijo 504 da Hilux mai gida ɗaya an yi su domin kaya wajen tan ɗaya. Watau buhu goma na kilo ɗari. Na san za ku yi dariya, domin kun saba ganin an ɗora ashirin, mutane kuma sun hau bisa. Gaskiya ne tana tafiya. Amma kuɗin buhu goman nan na ƙari ba riba ba ne, rance ne daga sifirin da taya da birki, kuma za su zo karɓa.

Lissafin da ya kamata a yi a allo

Yanzu bari mu yi abin da ƙungiyarmu ba ta yi ba. Ku samo allo da alli a taronku na gaba. Lambobin da zan kawo misali ne kawai, ku sa naku.

A ce tafiyarku kilomita 100 ce zuwa, 100 dawowa. A ce motar da kaya tana cin kilomita 8 a lita ɗaya. Lita 25 ke nan. A ce lita Naira 1,000 ce, don lissafi ya yi sauƙi. Mai kaɗai ya ci Naira 25,000. Idan buhu goma kuka ɗauka kuka dawo wayam, kowane buhu ya biya Naira 2,500 kafin a yi maganar direba da yaron mota, da masu lodi, da kamasho a tasha, da abin da ake miƙawa a shingaye. Bayan tafiya 15 irin wannan kun cika kilomita 3,000, sabis ya zo. Saboda haka ku tambayi kuɗin sabis ɗaya a Anka ko Gummi, ku raba shi gida 15, ku ɗora a kan kowace tafiya. Ku yi haka da taya huɗu, ku yi da batir.

Wannan duka kuɗin tafiya ne. Akwai wani kuɗin da yake gudu ko mota tana kwance: albashin direba, sabunta takardu, inshora, da tsufan motar kanta, domin kowace shekara darajarta a jiki raguwa take yi ko da farashinta a Naira ya hau. Inshorar dole, wadda take biyan wanda kuka yi wa ɓarna, an ɗaga ta daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 ga motar gida tun daga 1 ga Janairu, 2023, ta motocin kaya kuwa ta fi haka. Ku lura da kyau, wannan inshora ba ta biyan ku kome idan motarku ce ta lalace, ko aka ƙone ta, ko aka ƙwace.

To, ga tambayar da ta fi kowace nauyi. Kwana nawa motar za ta yi aikin kuɗi a shekara? Ku ƙirga da gaskiya. Kwasar amfani daga Oktoba zuwa Disamba. Ɗauko taki da iri a Mayu da Yuni. Ranakun kasuwa. Ƙungiya mai mutum talatin ko arba'in, in ta ƙirga, mai yiwuwa ta tarar kwana 60 ne. Direban haya na tasha kuwa yana fita kusan kullum, a ce kwana 300. Kuɗin nan da yake gudu ko mota tana kwance, shi yana raba shi a kan kwana 300, ku kuna rabawa a kan 60. Nauyinsa a kanku ya ninka nasa sau biyar. Shi kuma ba ya dawowa wayam, yana da 'yan kamasho masu nema masa lodi. Wannan ne dalilin da ya sa sau da yawa kuɗin da mai mota yake karɓa a kan buhu, wanda muke kuka da shi, bai kai abin da buhun zai ci a motarmu ta kanmu ba.

Idan lissafinku ya nuna haka, ba abin kunya ba ne. Ƙarfin ƙungiya yana wurin tara kaya. Ku haɗa buhu talatin a wuri ɗaya a rana ɗaya, ku ɗauki shatar Kanta, ku yi ciniki da baki ɗaya, ku shirya ta dawo muku da taki. Mai mota yakan sassauta wa wanda ya cika masa mota zuwa da dawowa.

Ra'ayina a kan motocin

Tun da na ce ni mai son mota ne, ba zan ɓoye ra'ayina ba. Wani zai ƙi, ba laifi.

Fijo 504 a-kori-kura ita ce masoyiyata, kuma har gobe ban ga motar da ta fi ta sanin ramin hanya ba. Amma ba zan ba ku shawarar sayenta ba. Mafi ƙuruciya a cikinsu ta kusa shekara ashirin, yawancinsu an sha yi musu walda har ba a san ina ne ƙarfen asali ba, kayan gyara na ainihi kuma sun yi wuya. Sai fa in akwai bakanike a cikin ƙungiyarku wanda zai riƙe ta kamar 'yarsa.

Toyota Hilux mota ce ta gaske, tun 1968 ake yin ta, kuma mai gas ɗin tana da ƙarfin ja a yashi da laka. Aibinta biyu. Tsada, wajen saye da wajen gyara, musamman sababbin da sai an sa musu kwamfuta kafin a gane ciwonsu, wanda zai sa ku jawo mota har Gusau ko Sakkwato. Na biyu kuwa, tana jan ido, kuma a wannan yanki namu jan ido ba alheri ba ne.

Golf, wadda ta cika tashoshinmu, an ƙera yawancinsu a shekarun 1990 domin mutum biyar da jakunkunansu. Tana da sauƙin mai, kayanta suna ko'ina, kowane yaro a gareji ya iya ta. Amma cikinta a ƙasa yake, dutse ɗaya ya isa ya fasa tukunyar baƙin mai. Motar fasinja ce a kan kwalta. Yadda ake cusa mata buhuna har but ya ƙi rufuwa, wannan zalunci ne.

Mitsubishi Canter, watau Kanta, ita ce motar amfanin gona. Tana ɗaukar buhu talatin ba tare da an cuce ta ba, saboda haka kuɗin kowane buhu yakan sauka. Amma tayoyinta shida ne, gas take sha, kuma tana bukatar aiki kullum. Ta dace da haɗaɗɗiyar ƙungiya ta garuruwa da yawa, ba ta ƙauye ɗaya ba.

Abin da na fi so ku duba shi ne babur mai ƙafa uku mai bodin kaya. Ba shi da kwarjini, ba wanda zai yi guɗa ranar da ya iso. Amma yana kai buhu huɗu ko biyar daga gona zuwa gida, daga gida zuwa bakin kwalta, man da yake sha kaɗan ne, mai gyaran babur na ƙauye yana iya taɓa shi. Kusa da shi kuma akwai amalanken shanu, wanda abincinsa yake fitowa a gonarku, ya kuma bar muku taki. Yawancin wahalarmu ba ta kan kwalta ba ce, ta 'yan kilomitocin nan ce tsakanin gona da titi.

Wani zai ce a sa wa mota tukunyar iskar gas, tun da gwamnati ta fito da shirin haka a 2023. Iskar ta fi fetur araha. Amma kafin ku biya kuɗin juyawa, ku tambaya ina ne gidan iskar da ya fi kusa da ku, ku auna nisan.

Kowace iri kuka zaɓa, ka'idata ɗaya ce: ku je wurin masu sayar da kayan gyara a garin da ya fi kusa, ku tambayi matata, da birki, da boris, da famfon ruwa na wannan mota. In babu su a kan kanta, ku bar ta. Ku tafi da bakanikenku wurin saye, ba na dillali ba. Ku ta da ita da sanyin safiya, ku duba hayaƙi, ku shiga ƙarƙashi ku duba shasi. Ku tabbata takardun kwastan da na mallaka sun dace da lambar da take jikin shasi. Kada ku kashe dukan abin da kuka tara wajen saye. Ku rage aƙalla kashi ɗaya cikin biyar domin gyaran farko, gama babu tsohuwar motar da ba ta zuwa da ciwonta.

Motar kowa

Abin da ya kashe tamu, bayan baƙin mai, shi ne kunya. Motar ƙungiya motar kowa ce. Yau za a kai amarya, gobe jana'iza, jibi zumuntar mata za su taro, gata dattijo yana da uzuri a Gusau. Ba wanda yake iya cewa a'a, ba wanda yake iya cewa a biya. A zuba mai kawai, in ji su, kamar mai ne kaɗai abin da tafiya take ci.

Ku rubuta doka tun mota ba ta zo ba, lokacin da ba a san wanda za ta fara kamawa ba. Kowace tafiya a biya mai da kuɗin gyara, ko ta wane ne. Idan kuna so a riƙa kai marasa lafiya kyauta, abu ne mai kyau, amma ku buɗe masa asusu dabam, kowa ya zuba mudu da kaka, asusun ya riƙa biyan motar. Direba ɗaya tak, mai lasin. Littafi ɗaya a cikin mota: rana, inda aka je, lambar agogo da fita da dawowa, litar da aka sha, abin da aka karɓa. Kuɗin gyara kuwa kada ya kwana a aljihun direba ko a akwatin da ake ba da rance daga ciki. A karanta littafin a gaban kowa kowane wata. Direban kirki ba ya jin haushin littafi, gama shi ne yake wanke shi ranar zargi.

Hanya da tsaro

Ba sai na gaya wa mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi halin da hanyoyi suka shiga a shekarun nan ba. Amma ku sa shi cikin lissafi. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita abin da mota za ta sha a gidan mai, aka kuma yanke layukan waya na tsawon makonni. Duk mai mota a lokacin ya ajiye ta, kuɗin nan mai gudu kuwa bai tsaya ba. Ku tuna kuma, dukiyar mutum arba'in ce za ku ɗora a kan ƙafa huɗu ku tura hanya, tare da ran ɗan wani. Idan kun ɗauki shata, asarar ƙarfen ba taku ba ce.

Dutsen zinariya da tsohon batir

Saura magana ɗaya wadda ta shafi Abare fiye da ko'ina. A 2010 ne aka gane cewa gubar dalma ce take kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo, aka ƙirga yara fiye da 400 da suka rasu. Abare tana cikin garuruwan da abin ya shafa, tare da Dareta, 'Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru da Duza. Aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa sai a 2013 aka yi nata. Dalmar tana cikin dutsen zinariyar da ake kawowa gida ana daka ana niƙa.

Ina wannan ya haɗu da mota? Da rani, sa'ad da motarku take zaune babu lodi, masu haƙar zinariya ne za su zo da kuɗi a hannu, gwamnatin tarayya ma ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disamba na 2024, bayan ta sa shi a 2019. Ma'aji zai ga kuɗin sabis ya samu. Amma ƙurar dutsen nan takan maƙale a tsagar bodi da tamfol da buhuna, ba ta da wari, ba a ganinta. Gobe a bodin nan za a zuba gero, a nan yara za su hau su yi wasa da yamma. Ku rubuta a cikin dokarku cewa motar abinci ba ta ɗaukar dutse ko ƙasar ma'adinai, ko nawa za a biya. In kuma shata kuka ɗauka, ku tambayi abin da ta ɗauka jiya, ku sa a wanke bodin nesa da rijiya, ku shimfiɗa tamfol ɗinku, kada ku karɓi aron buhun da ba ku san inda ya fito ba.

Batirin mota ma fiye da rabin nauyinsa dalma ce. Idan ya mutu kada a ajiye shi a tsakar gida, kada a bar yara su fasa shi, kada a narka shi a murhu. A mayar wa mai sayar da batir, yakan rage muku wani abu a kan sabo. Tsohon baƙin mai kuma a tara shi a jarka mai murfi a kai gareji. Kada a shafa wa shanu a miki, kada a zubar kusa da rijiya ko inda kaji suke kiwo.